Hannun da na sa wa ɗan maƙwabciya

Ni mutumin Kwanni ne, amma a Dogarawa na yi mafi yawan ƙarfina. Can aka kai ni aiki ina sabon magidanci, likitan dabbobi, da babur na gwamnati da akwatin allura ɗaure a baya. Ɗakin da aka ba ni katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa. Iyalina ba su biyo ni da wuri ba, don haka ita ta riƙa aiko mini da fura da rana, tuwo da maraice, ba tare da na roƙa ba. Inna nake kiranta, ita kuwa Likita take ce mini, kamar sauran mutanen gari.

Babban ɗanta shi ke kawo kwanon. Yana lakwal, wato makarantar boko, a lokacin, kuma kansa na ja ƙwarai. In ya iske ni ina wanke sirinji sai ya tsuguna ya karanta rubutun faransanci da ke jikin kwalbar magani, ya tambaye ni ma'anar abin da bai gane ba. Da ya gama kolej, ƙaramar sakandare, aka tura shi lise, babbar sakandare, a Kwanni, ba shi da kowa a can, sai na kai shi gidanmu. A zauren mahaifiyata ya kwana har ya ci bak, jarrabawar gama lise. Ƙwarya ɗaya ya ci da ƙannena. Daga nan ya wuce jami'a a Yamai, ya karanta noma da ban ruwa. Tun yana ƙarami Baba yake ce mini, ban kuma taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi a kunne ba.

Wata rana bayan an gama girbin hatsi ya same ni a wurin allurar shanu, bayan gari. Ya jira har Fulani suka watse da garkensu, sannan ya fito da takardu daga wata jakar roba. Wata makaranta a wata ƙasa ta Turai ta karɓe shi, zai ƙara karatu a kan rijiyoyi da noman rani. Muka zauna a inuwar itacen bedi ya yi mini bayani dalla-dalla. Fasfo ya samu. Takardar makaranta ga ta. Shaidar ɗakin da zai kwana ma an aiko masa, inshorar lafiya kuma a Yamai ake yanka. Abu ɗaya ya rage kafin ya kai dosiye, wato tarin takardun nan, ambasad, ofishin jakadancinsu: garan, wato mutum mai albashin da hukuma ta sani, wanda zai sa hannu cewa ya san yaron, ya tsaya masa, kuma karatu ne zai kai shi.

"Ba kuɗinka nike so ba, Baba," in ji shi. "Makaranta ta yafe mini rabi, sauran zan yi ɗan aiki ranakun hutu, doka ta yarda ɗalibi ya yi. Sunanka kawai za a gani."

Na tambaye shi, in bizar ta ƙare fa? Ya ce biza ta shiga ce kurum. In ya isa zai je wurin hukumarsu a ba shi katin zama, kuma kowace shekara sai ya nuna yana shiga aji yana cin jarrabawa kafin a sabunta masa. Wannan magana ta kwantar mini da hankali. Na ga abin da tsari, ba yadda yaro zai lalace ba a sani ba.

"In ka gama za ka dawo?"

"Ina zan zauna in ba nan ba? Dubi fadamar Badaguishiri, Baba. Ruwa na ƙasa, mutane na jan guga har hannu ya yi kanta. Wanga aiki ai namu ne."

Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Na je banki a Kwanni aka ba ni shaidar albashi, na je meri, ofishin magajin gari, na sa hannu a gaban magatakarda aka buga hatimi. Da bizar ta fito, maiɗakina ta daka masa yaji, ta sa aka yo masa kilishi, ta ƙulle a leda biyu don kada ya ɓata masa tufafi. Ni da Inna muka raka shi tasha. Tana ta share hawaye da bakin mayafi, ni ina ba ta haƙuri, ina ce mata kamar gobe ne zai dawo da digiri.

Farkon zuwansa yana kira a kai a kai. Ya ce sanyi kamar zai cire masa kunne. Ya turo hoto yana tsaye a ƙofar makaranta cikin wata ƙatuwar riga, na yi ta nuna wa mutane a majalisa har wayar ta kusa faɗawa cikin shayi. Daga baya kira ya ja baya. In na kira, lambar ba ta shiga. Ana nan aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Illela, na kwashe iyalina. Duk sa'ad da hanya ta bi da ni Dogarawa nakan tsaya in gaida Inna in tambayi labarinsa.

"Lahiya lau yake," takan ce. "Karatu ya yi mishi yawa. Yana gaishe ka."

Na ga an yi mata ɗaki na siminti. Wani zuwan na ga faranti na sola a kan rufi, da firji tana sayar da ƙanƙara. Na yi mata murna. Ƙaninsa yana ɗan fatauci zuwa Sakkwato, na ɗauka daga can ne, ban tambaya ba.

Ina da ƴa, ita ce ta fari, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiranta. Tun tana ƙarama ba ta da wasa da karatu. Ta yi jami'a a Yamai, kuma a shekarar da ta gama wata makaranta a wannan ƙasar ta Turai ta karɓe ta, za ta koyi haɗa magunguna. Malamanta ne suka tsaya mata har aka ba ta gurbin. Ni kuwa na ji kamar na san hanya, tunda na taɓa bi. Na ce mata kada ta damu da garan, ga ubanta. Har na ce in ta isa yayanta, ɗan Inna, na can, zai tarbe ta a filin jirgi ya nuna mata inda ake neman katin zama. Na sa Inna ta nemo mini sabuwar lambarsa, ta ce za ta tambayi ƙaninsa, maganar ta shiririce.

Muka haɗa dosiye kamar yadda aka yi wancan karon, banki, meri, hatimi. Muka shiga mota zuwa Yamai muka sauka gidan wani ɗan'uwana. Ranar da aka sa mata, ta shiga ambasad, ni na zauna a waje wurin mai shayi tare da sauran iyaye. Ba a jima ba mai gadi ya leƙo ya kira sunana, ya ce ana son ganina.

Wata mata ce a bayan gilashi, baƙar fata kamarmu, tana magana da faransanci a hankali. Ta gaishe ni da ladabi. Ta ambaci sunan ɗan Inna, ta ce ni ne na tsaya masa? Na ce ni ne, har da ɗan alfahari a muryata.

"Yana ina yanzu?"

"Yana can yana karatu."

Ta dubi na'urar da ke gabanta, ta dube ni. Ta ce yaron watannin farko kawai ya shiga aji. Bai rubuta jarrabawa ko ɗaya ba, bai koma sabunta katin zamansa ba, kuma makaranta ta daɗe da sanar da hukuma cewa ba ta san inda yake ba. Ta tambaye ni ko na san da haka.

Na ce ban sani ba. Na ji muryata ta fito kamar ta mai ƙarya. Uwata na tsaye a gefena riƙe da jakar takardunta a ƙirji.

"Ban ce laifinka ba ne, Malam," in ji matar. "Amma ka gane, sunanka na kan wancan dosiyen, yana kuma kan wannan."

Bayan ƴan kwanaki aka maido da fasfo. An hana biza. Dalilin da suka rubuta gajere ne, wai ba su gamsu cewa za ta dawo ba in ta gama. Na ruga wurin wani abokin aikina ya yarda zai tsaya mata, amma kafin a sake samun rana makarantar ta buɗe, gurbin ya wuce. Shekara ta zagayo muka sake nema da sunansa. Aka tambaye ta ko an taɓa hana ta, ta faɗi gaskiya, aka sake hanawa. Daga nan ita da kanta ta ce a bar shi haka.

Amma na yi gaba da labari. Ranar da muka baro Yamai bayan hanawar farko, Uwata na kallon waje ta tagar mota har muka wuce Dosso. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mun kusa Dogon Dutsi ta ce, ba ta ko juyo ba, "Baba, in ka je kada ka yi musu faɗa. Ka tambaye su kawai, ina son in ji ko sun sani."

Ban huta ba na hau babur zuwa Dogarawa. A hanya ina ta shirya yadda zan faɗa wa Inna. Tausayinta nake ji. Ina cewa a raina, tsohuwa na nan tana jiran ɗa da digiri, ba ta san ya ɓace a ƙasar mutane ba, wataƙila ma yana kurkuku. Har na yanke cewa ba zan ambaci maganar ƴata ba sai ta natsu.

Na iske ta a tsakar gida tana ɓarar wake. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo ruwa mai sanyi daga firjin. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki. Yaron nan ya bar makaranta tun tuni."

Hannunta bai tsaya daga ɓarar waken ba.

"Wa ya hwaɗa maka?"

Daga wannan tambayar na gane. Na zauna ina kallonta, ruwan na hannuna ban sha ba.

"Kin sani ke nan."

"Likita, karatu aka ci? Ka ga gidan ga sanda ka zo garin ga. Ka ga ƙannensa. Ɗan ƙanwata na can wata ƙasa kusa da wadda zai je, yana aiki gonar tumatir, shi ya ce in ya samu ya shigo ko ta wace ƙofa, akwai aiki. Ƙofar lakwal ce ta buɗe."

"Tun kafin ya zo wurina kuka shirya haka?"

"Tun kahin."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

Sai a lokacin ta ɗago kai. "Da an hwaɗa maka, da ka sa hannu?"

"Da ban sa ba."

"To ka gani."

Na gaya mata abin da ya samu Uwata. A nan ne hannunta ya tsaya. Ta yi salati, ta ce wallahi ba su san abin zai kai can ba, su dai sun ɗauka takarda ce, in an buga hatimi an gama da ita. Na yarda da ita a kan wannan. Ta ce Allah zai ba yarinya wani rabon, mace ce, miji ma rabo ne. Na ajiye kofin a bakin tabarma na yi mata sallama.

Da na fito ban hau babur ba. Na taka zuwa majalisarmu ta da, gaban shagon wani tela da muka yi shekaru muna shan shayi tare. Shi ya ɗinka wa ƴaƴana kayan salla tun suna rarrafe. Na same shi shi kaɗai a kan keke. Na ba shi labari tun daga fari, ina jiran ya saki baki. Ya cire zare daga haƙorinsa ya ce, "Ai garin ga ba wanda bai sani ba."

"Har kai?"

"Har ni. Sanda kake nuna muna hoto ma an sani."

"Kuka bar ni ina yawo da waya kamar mahaukaci."

Ya murza keken ya tsayar. "Ka yi haƙuri, Likita. Mu mun ga kai ma'aikaci ne. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, albashinka na zuwa. Yau kana nan, gobe an ɗauke ka an kai wani gari. Ita kuwa tamu ce, marayu gare ta. Wa zai tona mata asiri gaban baƙo?"

Maganar Inna ta yi mini zafi, amma wannan ta fi. Na yi shekaru a garin nan. Na binne ɗa a maƙabartarsu. Shanunsu na san su da kamanni, na san wace ce ke ɓari, wace ce ba ta son allura a wuya. An sha tashe ni cikin ruwan sama don akuya ta kasa haihuwa, ban taɓa cewa gobe ba. Ina tsammanin na zama ɗan gari, ashe ana yi mini kallon mai wucewa. Ban yi masa faɗa ba, Uwata ta riga ta hana ni. Na ce na gode da ya faɗa mini gaskiya, na tafi.

Da na koma Illela Uwata ta tare ni a ƙofa ta karɓi hular babur. Ta dube ni kawai. Na ce, "Sun sani." Ta gyaɗa kai ta shiga ta kawo mini abinci. Mahaifiyarta ce ta yi ta kuka, tana cewa da hannunta ta daka masa yaji.

Uwata ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Tawa. Ta iya aikinta, ana yabonta. Ta yi aure, ta haihu. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, ko da wasa. Amma littattafan da ta saya don shirin tafiyar, ta ba wata ƙawarta su duka, kuma in ana hirar masu karatu a waje sai ta tashi ta sami abin yi a madafa.

Na yi ritaya na koma gidanmu na Kwanni. Wata ƙaramar salla, yara suka ce ana sallama da ni. Na fita zaure na iske wani mutum mai jiki, da furfura a gefen kai, ya tsuguna har ƙasa. Sai da ya ce "Baba" na gane shi. A zauren da ya yi shekarun lise muka zauna.

Ya yi magana mai tsawo, na bar shi. Ya ce shekarun farko ba shi da takarda ko ɗaya. A rumfar leda ta tumatir yake kwana, shi da wasu. In ya hango ɗan sanda sai ya canza hanya. Ya yi ciwo bai iya zuwa asibiti ba. Ƙaninsa na tsakiya ya rasu, bai iya zuwa ba, don in ya fita ba shi da hanyar komawa. Sai daga baya mai gonar ya tsaya masa aka ba shi katin zama na ma'aikaci. Ya nuna mini hannuwansa, sun fi na masu jan guga kanta. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayin bai kori ɗayan abin ba, tare suka zauna a cikina.

"Na ji abin da ya samu ƙanwata," in ji shi. "Kunya ce ta hana ni kira. Yanzu ina da takarda, Baba, ina da albashi. Ni zan tsaya mata. In tana so har yanzu, zan bi mata komi."

Uwata ta zo salla gida, tana ciki. Na aika aka kira ta, don maganar tata ce ba tawa ba. Ta fito da goyo a baya, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida yaya. Ya maimaita mata abin da ya faɗa, idonsa a ƙasa.

"Na gode, Yaya," ta ce. "Wannan lokacin ya wuce. Ina son in tambaye ka abu ɗaya. Ranar da ka zauna da Baba kana ba shi labarin fadamar Badaguishiri, ka riga ka san ba za ka yi karatun ba?"

"Na sani," in ji shi.

"Shi ke nan. Bari in kawo maka ruwa."

Ta shiga, ƙanwarta ce ta fito da ruwan. Ya zo da jaka, waya sabuwa da turare da atamfa ta maiɗakina. Na ce ya kai wa Inna, ta fi mu buƙata. Ya nace, na nace, ƙarshe ya ɗauka. Ya ce in yafe masa. Na ce haƙƙina ni na bar shi da Allah ba zan bi shi ba, na yarinya kuwa ba ni ke da ikon yafewa ba. Na raka shi bakin zaure, ban ƙarasa wurin motar ba.

Bayan wannan da kamar damina biyu Inna ta rasu. Telan nan ne ya kira ni. Na shiga motar haya na je, don matar nan ta ciyar da ni lokacin da ba ni da mai dafa mini, wannan ba ya goguwa. Na zauna cikin maza a ƙofar gida aka yi addu'a, na yi wa ƴaƴanta gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannuna, Likita an daɗe, Likita ka manta da mu. Na amsa wa kowa. Da aka fara fito da kwanonin abinci na ce ina da uzuri a gida, na taka zuwa bakin hanya na tsaya jiran motar Kwanni.